Motar da Na Ce Tana Wankin Zinari

A Bukkuyum an san yadda ake sauraron maganata. In na ce na ga maciji mai tsawon igiyar guga, sai a gane tsutsa ce ta gitta mini. In na ce na haƙa rijiya har na jiyo mutanen wata ƙasa suna ciniki ta ƙarƙashina, sai a yi dariya a ƙara mini shayi. Shekara ashirin da wani abu ina haƙa rijiya da masai, na kuma taɓa shiga ramin zinari a wajen Anka kafin gadon bayana ya ce ya isa haka. Duk tsawon lokacin nan ina ganin bakina bai taɓa cutar da kowa ba. Wannan labarin na yi ƙoƙarin rage masa gishiri, ko da yake hannu ya riga ya saba.

Wani rani aka ba wani ɗan kwangila aikin magudanar ruwa a bakin hanyar da ta ratsa unguwarmu. Matsalar wurin ita ce abin da ke kwance a ƙasa. Akwai bututun roba da ke ɗauko ruwa daga tankin burtsatse ya raba wa famfunan unguwa da ɗakin shan magani, kusa da shi kuma akwai wayar sadarwa da aka binne shekarun baya. Waɗanda suka binne su sun daɗe da tafiya, ba wanda zai iya sa ƙafa ya ce ga daidai inda suke.

Injiniyan aikin wani siririn mutum ne mai ƙaramar murya, da jin Hausarsa ka san daga gabas ya fito. Ya tambaya wa ya fi kowa sanin ƙasar garin, aka nuna masa ni, don ni ma da kaina nake nunawa. Ya ɗauke ni heluma, wato shugaban leburori. Washegari na zo masa da ƙarti goma sha biyu, kowa da diga a kafaɗa kamar za mu ci wani gari da yaƙi. Ya dube mu ya ce a jingine digogin a jikin bango, mota ce za ta yi haƙa.

Motar babba ce, da tanki biyu a baya, ɗaya cike da ruwa, ɗaya wofi. Tana da wani siririn ƙarfe mai feshi irin na masu wankin mota, sai dai wannan in ya sami yatsanka, a Gummi za ka je neman sa. Sai kuma wani ƙaton tiyo mai kaurin cinyar bijimi, shi aikinsa zuƙa. Mai feshi ya narkar da ƙasa ta koma kunu, tiyo ya shanye kunun ya tura shi tankin wofi. Rami ya yi ta nutsewa a tsaye, gefensa sumul kamar an yanka tuwo da wuƙa, ba ƙura, ba tudun ƙasa a gefe.

Kafin a fara, Injiniya yakan bi wurin da wata na'ura mai kama da sanda tana ƙara, yana fesa fenti a ƙasa: shuɗi a inda yake zaton bututun ruwa, ja a inda waya take. Ya ce mini, "Heluma, ruwa yana cin ƙasa amma ba ya cin roba, in dai ba ka tsaya masa wuri ɗaya ba. Diga kuwa ba ta da ido."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tawa tana da ido, har da gira."

Bai yi dariya ba. Aka kunna mota. Rami bai kai ƙugu ba sai ga bututun ya bayyana, baƙi, wankakke, ko ƙwarzane babu, yana kwance a tsakiyar rami kamar ya fito daga wanka. Kuma ba a inda takardar aikin ta ce yake ba. Ya goce da taki guda, daidai inda, da ni ne, da nan na tsaya na ɗaga diga da dukan ƙarfina. Ranar na yi shiru har kusan minti biyar, abin da tsofaffin unguwa suka ce ba su taɓa gani ba.

Duk sa'ad da tankin laka ya cika, motar takan fita bayan gari ta juye shi a wani rami da aka kewaye da waya, a rufe da ƙasa. Na tambayi dalili, Injiniya ya gaya mini dalla-dalla. Ya ce tun shekarar da gubar dalma ta kashe yara a Yargalma da maƙwabtanta, ba ya barin ƙasar da ya tono a yankin nan a bakin hanya, don bai san gidan da aka taɓa niƙa dutse a ciki ba, kuma yara da laka abokan juna ne. Na rubuta wannan a nan don a san na sani. Ba jahilci ya sa ni faɗin abin da na faɗa daga baya ba.

Ƙartina goma sha biyu suka koma huɗu. Ni da ake kira Sarkin Haƙa na koma mai riƙe tiyo, mai ɗaura jan zare a bakin rami, mai korar awaki.

Abu ɗaya na kirki da na yi a aikin shi ne samo wa taubashina gadi. Ɗan kawuna ne, ya girme ni da shekara biyu, kuma tun muna yara bai taɓa kirana da suna ba sai "bawana". Rami ya taɓa ruftawa a kan ƙafarsa ta hagu a wajen haƙo, ya tashi yana ɗingishi. Gonarsa tana can wajen Adabka, inda shekarun nan, saboda 'yan bindiga, zuwa ya zama sai an yi shawara da zuciya. Ya daɗe zaune, iyali kuma ba sa zama da yunwa don uba ya zauna. Na kai shi wurin Injiniya na ce ga mutumin da ko ƙuda ba ya wucewa gabansa sai ya nuna takarda. Aka ba shi tsaron ramukan da aka buɗe da kayan aiki, aka ba shi usur da riga mai ƙyalli. Ya riƙe aikin nan hannu biyu. Bayan mako uku Injiniya ya ce in an gama Bukkuyum zai tafi da shi Gummi, daga nan Anka, aikin da zai fi shekara. Ranar taubashina ya je ya yi aski, ya zo yana tafiya kamar ɗingishin ma ado ne.

"Bawana, riƙe hancin giwarka da kyau," in ji shi kullum da safe, yana nufin tiyon. "In ta yi atishawa kai za a tambaya."

"Kai dai busa usur ɗinka, Sarkin Barci. Jiya akuya ta zo ta karanta takardun Injiniya kana minshari."

Maganar hancin giwa ta bi ni har teburin mai shayi. Wata la'asar ina zaune aka taso ni da ita, wani tela na cewa Sarkin Haƙa ya yi murabus, mota ta gaje shi da rai. Aka yi ta dariya. Ni kuwa ba na jure a yi dariyar da ba ni na kawo ta ba. Na ajiye kofi, na rage murya.

"Ku dai yara ne. Kuna tsammani magudanar ruwa sunka zo yi? To ku hwaɗa mani, a ƙasag ga tamu, wa kunka taɓa gani ya zuba ma ƙasa ruwa, ya wanke ta, ya kwashe ya ruhe cikin tanki, don Allah da Annabi?"

Duk wanda ya girma a yankinmu ya san mutum ɗaya ne ke wanke ƙasa: mai neman zinari.

Da na ga sun kamu sai na sake musu igiya. Na ce cikin tankin an shimfiɗa kafet irin na masu wankin zinari. Na ce kullum in an je bayan gari Injiniya yakan hau sama ya kankare kafet ɗin da cokali. Na ce da idona na ga curi kamar ƙwan zabo, har sai da ya sa hannu biyu. Tela ya fara tuntsirewa, ya ce, "Ƙwan zabo! Gobe sai ya koma na jimina!" Kowa ya bi shi da dariya, na ci nasara, aka ƙara mini shayi.

Amma a ƙarshen benci akwai baƙi uku, 'yan haƙo ne daga wata jiha, sun yada zango kan hanyarsu ta zuwa daji. Su ba su san ni ba. Ba su yi dariya ba. Ɗayansu ya matso ya ce, "Baba, a wane rami ta fi samu?"

Nan ne ya kamata in ce masa wasa nake yi. Kalma uku ce. Maimakon haka na dube shi kamar mai tausayi na ce, "Ɗana, ba ka ga fenti a ƙasa ba? Shuɗi, akwai kaɗan. Ja kuwa, nan uwar take."

Kwana uku labarin ya zagaya gari ya dawo mini a bakin matata, ya yi ƙiba har na kusa kasa gane shi. Yanzu an ce buhu-buhu ake fita da shi. Abin mamaki, mutanen da suka yi dariya da suka ji daga bakina, su ne suka fara gaskatawa da suka ji daga bakin baƙi. Na fara ganin magidanta suna kankare lakar tayar mota a kwano suna zagayawa bayan gida. Wani ya ga ɗan ƙyalli a ciki, irin ƙyallin da kowane ɗan haƙo ya san ba komai ba ne, amma ranar kowa ya manta.

Taubashina ya same ni a bakin rami, ba wasa a fuskarsa. Ya ce, "Bawana, mutane na ta yi mani zarya suna tambayar jan fenti. An ce daga bakinka ta hito. Ka tai ka warware ta."

Na ce, "Bari su sha iska. Kwana biyu za su sami wata."

Gaskiyar ita ce daɗi nake ji. Mutane suna tare ni a hanya suna raɗa, ana saya mini goro. Mai riƙe tiyo ya koma mai riƙe asiri.

Ranar kasuwa famfon motar ya sami matsala, Injiniya da direba suka tafi da ita Gummi gyara. Aka bar ramuka uku a buɗe, an rufe su da katako an kewaye da jan zare, aka bar taubashina a kansu. Ranar kuma ake sunan jikar ƙanwata a can ƙarshen gari. Na zo da babur na tsaya gabansa.

"Hau mu tai."

"Ina aiki."

"Wane aiki? Ramin zai tashi ya gudu? Rago biyu anka yanka, kai kana nan kana gadin katako."

"An bar mani amana, bawana."

"Awa ɗaya. Ka yi barka, ka ci, in maido ka. Ko so kake a ce ɗan kawu ya sami rigar ƙyalli ya fi ƙarfin dangi?"

Wannan ce ta kama shi. Ya duba hagu ya duba dama, hanya ba kowa, duk an tafi kasuwa. Ya hau.

Awa ɗaya ta zama uku, kuma laifina ne. Na sami taron da bai ji labarin rijiyar da na haƙa a kan dutse ba. Sau biyu yana jan hannun rigata, sau biyu ina cewa bari in kai ƙarshe.

Tun daga nesa muka ga ruwa yana gudu a kan hanya, a tsakiyar rani. Da muka matso sai ga jama'a, baƙi da 'yan gari, har da mutanen da nake sallah sahu ɗaya da su. An yaye katako, an tsinke zare. An bi jan fenti da shuɗi da diga, tiryan-tiryan, kamar an ja musu layi, don kuwa an ja musu. Alamar da aka yi don a san inda ba a sara, nan aka sara. Bututun ya fashe wuri uku, ruwan tankin unguwa yana ta ambaliya. Wayar sadarwa ta rabu biyu, 'yan siraran zaruruwanta sun fito kamar gashin masara. Abin da ba zan manta ba shi ne mutanen da suka tsuguna a gefen hanya da kwanoni, suna wankin ƙasa da ruwan bututun da suka fasa, suna murna an sami ruwa kusa.

Taubashina ya diro tun ban tsaya ba. Ya shiga cikinsu yana ɗingishi yana busa usur, yana kama wannan diga yana ture wancan kwano. Ba wanda ya ko dube shi. Hularsa ta faɗi cikin laka aka tattake. Ni kuwa ina kan babur, ƙafa ɗaya a ƙasa, ban sauka ba.

Ko ƙwayar gero ta zinari ba a samu ba. Kafin la'asar kowa ya sulale.

Washegari da safe aka taru a zauren mai unguwa. Injiniya bai ɗaga murya ba, da ma ba shi da ita. Ya ce shi bai zo neman wanda ya sara ba, don ya ga alama rabin gari ne. Tambayarsa ɗaya ce. Ya juya ga taubashina.

"Baba, ina kake?"

"Na tai suna, ranka ya daɗe."

"Wani ya aike ka?"

Ina zaune kusa da shi, gwiwata tana taɓa tasa. Ya ce, "Ni na kai kaina."

Aka tambaya ina maganar zinari ta samo asali. Wani ya ce baƙi ne suka kawo ta, kowa ya ce haka ne, baƙi ne, da yake sun riga sun bar gari. Tela ya dube ni ya kawar da kai. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, sai na ce ai ko ba komai an wanke wa hanya fuska. Mutum biyu suka yi 'yar dariya. Injiniya ya miƙa hannu, taubashina ya cire usur daga wuya ya ba shi, ya tuɓe rigar ya ninke ta da kyau ya ajiye a kan tabarma.

Kwana tara unguwa ba ruwa. Mata suna tafiya har wata tsohuwar rijiya a bayan makabarta, ma'aikaciyar ɗakin shan magani tana sayen jarka don wanke hannu. Waya kuma ba ta shiga sai ka hau tudu. Motar da na yi wa ƙazafi ita ta dawo ta buɗe wurin a hankali, ta wanke bututun aka ga iyakar ɓarnar, aka yanke aka haɗa. Ina riƙe da tiyo, ba na iya duban kowa.

A rana ta shida Inna, mahaifiyata, ta aiko kirana. Ta tsufa, ba ta fita, amma ba abin da ke wuce ta. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce, "Ɗan yayana ya rufa maka asiri gaban mutane, kai ka bar shi tsirara. Tun kana yaro nike dariyar ƙaryarka. Ashe ni na yi ta ba ta abinci."

Na fito daga ɗakinta na wuce zauren mai unguwa kai tsaye. Na tarar da dattawa da Injiniya suna maganar ranar da za a saki ruwa. Na tsaya a tsakiya na ce ina da magana. Na ce ni na ƙirƙiri zancen zinari, ni na ce ja uwa ce shuɗi kaɗan, ni na ɗauke mai gadi a kan babur ɗina, ni na riƙe shi awa uku. Na ce ni na fasa bututun nan, ko da ban taɓa diga ba.

Sai wani dattijo ya fashe da dariya. Ya ce, "Ji shi! Yanzu kuma shi kaɗai ya fasa bututu wuri uku da baki!" Zaure ya ɗauka. Wani ya ce gobe zan ce ni na haƙa gulbi. Na rantse, aka ƙara dariya. Na ce wallahi tallahi, mai unguwa yana share hawaye yana cewa, "Zauna, Sarkin Haƙa, mun gode, ka sauƙaƙa muna rai." Ban taɓa faɗin gaskiya tsantsa irin ta ranar ba, kuma ban taɓa samun dariya mai yawanta ba.

Injiniya kaɗai bai yi ba. Da muka fito ya ce, "Na yarda da kai, Heluma. Amma shi aka bar wa wurin, kuma na riga na kai rahoto, an turo wani." Na ce to a ba shi gurbina. Ya ce riƙon tiyo aikin mai ƙafa biyu ne a bakin rami mai santsi, ba zai sa shi ya faɗa ba. Na ce to ni ma na bari. Ya ce wannan ruwana ne.

Ban bari ba. Ina da iyali, na gaya wa kaina, kamar shi ba shi da su. Na bi motar zuwa Gummi, na bi ta Anka, na ƙware har ana ba ni ƙarfen feshi in riƙe.

Kafin mu tashi na je gidansa. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran wata tsohuwar fartanya. Tun daga nesa na fara, "Sarkin Barci, an tashi?" don in ga ko zai rama. Ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya shimfiɗa mini tabarma. Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ya iyali? Ya aiki?" Ya sa aka kawo mini ruwa a kofi mai murfi, irin na baƙi. Na faɗi abin da na zo faɗa, ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, ya ce ba komai, Allah Ya riga Ya rubuta. Ya raka ni har bakin hanya yana ɗingishi, ya yi mini addu'ar sauka lafiya.

Shekara huɗu ke nan. Damina biyu ya yi kasada ya noma gonar Adabka, sauran ya yi ta 'yan buge-buge a kasuwa. Muna haɗuwa a suna da jana'iza, kullum shi ke fara gaishe ni, da ladabi, yana ce mini Malam.